Yadda za ka tsare walwalarka a watannin duhu idan kana zaune a ƙasashen sanyi

A Kano, ko a tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya turnuƙe gari, rana tana fitowa kafin ƙarfe 7 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 6 na yamma. Ratar da ke tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara ba ta kai awa biyu ba, shi ya sa ba ma ko lura da ita. Wanda karatu ko aiki ko aure ya kai shi Landan kuwa, ranar 21 ga Disamba zai ga rana ta fito bayan ƙarfe 8, kafin 4 na yamma ta faɗi. Yinin duka bai cika awa takwas ba, kuma yawancinsa gajimare ne. A Edinbura wajen awa bakwai ne, a Stockholm ta Suwidin wajen shida, a Toronto ta Kanada wajen tara. A garin Tromso da ke arewacin Norwe, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa ko kaɗan.

Jikin ɗan Adam yana jin wannan canji. Abin yakan fara ne daga Oktoba ko Nuwamba: barci ba ya isarka ko ka yi awa tara, tashi daga gado ya zama aiki, hannu da ƙafa su yi nauyi. Sai kwaɗayin burodi da biskit da kayan zaƙi, sai ƙiba ta biyo baya. Waya tana ringin ka zuba mata ido har ta katse. Karatu ba ya shiga, abu kaɗan ya fusata ka, ka rasa abin da ke maka daɗi, alhali babu wanda ya ɓata maka rai. Idan bazara ta shigo, wajen Maris ko Afrilu, sai abin ya yaye da kansa. Ya fi kama mata, kuma yakan fara da mutum tun yana matashi.

Likitoci sun san shi, a taƙaice suna kiransa SAD, wato ciwon damuwa mai bin yanayin shekara. A 1984 ne Dakta Norman Rosenthal da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar Amurka suka bayyana shi a rubuce. Shi kansa Rosenthal baƙo ne a ƙasar sanyi, daga Afirka ta Kudu ya taso, kuma a jikinsa ya fara lura da abin bayan ya koma New York. Na kawo wannan ne saboda wanda zai ce wa kansa raunin imani ne, ko lalaci, ko an yi masa wani abu daga gida. Ka riƙe addu'arka da azkar ɗinka, amma ka san cewa tushen matsalar ƙarancin haske ne.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai agogon da ke tsara lokacin barci da farkawa da jin yunwa, kuma hasken da ke shiga ido da safe ne ke saita shi kullum. Idan duhu ya yi, jiki yana fitar da sinadarin melatonin mai kawo barci. Hasken safiya ne ke tsayar da shi. In hasken ya makara ko ya yi rauni, agogon sai ya riƙa ja baya, mutum yana tsaye a wurin aiki amma jikinsa na ganin har yanzu dare ne. Mu kuma mun taso a inda gudun rana ake yi: a nemi inuwar bishiya, a saki labule, a jira ta yi sanyi kafin a fita. Wannan tarbiyya ce ta dace da Katsina da Maraɗi, amma a Manchester cutar da kai za ta yi. A can kai ne za ka fita neman rana, kuma kusan duk matakan da ke tafe a kan wannan suka ginu.

Mataki na farko: tsayar da lokacin tashi

Kada ka jira sai ka faɗa ciki. A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai ana mayar da agogo baya da awa guda ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a Amurka da Kanada kuma Lahadin farko ta Nuwamba. Daga wannan rana duhu yake sauka tun kana wurin aiki. Makonni biyu ko uku kafin nan ya kamata ka zaɓi lokacin tashi guda ɗaya, ka riƙe shi har Asabar da Lahadi.

Musulmi yana da sauƙi a nan. A tsakiyar bazara Asuba a Landan tana shiga tun wajen ƙarfe 3 na dare ko kafin nan, dole mutum ya koma barci bayan sallah. A Disamba kuwa sai wajen ƙarfe 6 take shiga, lokacin da ya yi daidai da tashin mai aiki. Matsalar ita ce ɗabi'ar komawa cikin bargo ta riga ta zauna. Ka idar da sallah, ka leƙa taga ka ga duhu, ka ce bari in ɗan kishingiɗa, sai farkawa ƙarfe 10 ko 11. To ka yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken ranar, kuma shi ne mafi amfani. Bayan Asuba ka kunna duk fitilun ɗaki, ka yaye labule, ka yi wanka, ka ɗora ruwan shayi. Kwanakin farko za ka sha wuya, babu batun ɓoyewa, amma bayan mako guda ko biyu jiki yakan bi.

Mataki na biyu: fita da hantsi

Wannan shi ne ginshiƙin, in ba za ka iya komai ba ka yi shi. Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin luks. Fitilun ɗaki da na ofis yawanci ba sa wuce luks 500, na falon gida ma ba sa kai haka. A waje kuwa, ko gajimare ya rufe sama, kana samun luks 1,000 ko fiye, rana tsantsa kuma tana iya kai wa 100,000. Ido yana ruɗin mutum, ya ga kamar cikin ɗaki da wajen duk ɗaya ne tun da sama ta yi toka-toka, alhali bambancin ninki ne a kan ninki.

Ka ware minti 30, da zarar gari ya waye ko kafin Azahar. Ba sai ka ƙirƙiri wata tafiya ta daban ba. Sauka daga bas tasha ɗaya ko biyu kafin taka, ka ƙarasa da ƙafa. Raka yara makaranta a ƙasa. Idan ka shiga aiki cikin duhu kuma cikin duhu za ka fito, to hutun cin abincin rana ba na zama a kantin ma'aikata ba ne: ci da sauri, ka saka rigar sanyi ka zaga unguwa ko da minti 15 ne. Ranar Juma'a ka taka zuwa masallaci, domin lokacin huɗuba shi ne lokacin da rana ta fi ɗagawa. Ka bar baƙin tabarau a aljihu sai in ƙanƙara ta zuba tana kashe ido, kuma ba a ce ka kalli ƙwayar rana ba, kasancewa a waje ya wadatar.

Abin da ke hana yawancinmu fita sanyi ne, sanyin kuma yakan ci mutum ne saboda kayan da ya saka. Ƙatuwar riga guda ɗaya a kan shadda ba ta tsare komai. Riga kan riga ake yi: ta ciki mai kama jiki har da dogon wandonta, sai suwaita, sai babbar riga mai tare iska da ruwa. Hula mai rufe kunne, safar hannu, safa mai kauri, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa. Wanda aljihunsa bai yi nauyi ba ya leƙa shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji, suna nan kusan a kowane babban titi a Birtaniya.

A cikin gida ma akwai gyara. Jawo teburin karatu ko kujerar da ka fi zama zuwa bakin taga. Labulen da muke saki saboda sutura, a sa mai shara-shara da rana, a bar mai kaurin sai dare.

Mataki na uku: fitilar haske, ga wanda fita ba ta wadatar ba

Akwai fitila ta musamman da ake sayarwa don wannan matsala, mai ƙarfin luks 10,000. Yadda ake amfani da ita: ka kunna ta da safe, cikin awa guda da tashinka, ka zauna gabanta minti 20 zuwa 30. A ajiye ta a gefe kaɗan, a nisan da kamfanin ya rubuta a takardarta, domin in ka matsa baya ƙarfinta raguwa yake yi sosai. Ido a buɗe, amma ba zuba mata ido za ka yi ba. Kana iya karin kumallo ko tilawa ko duba littafi a gabanta. Mutane da yawa suna jin canji cikin mako ɗaya zuwa biyu, in an daina kuma abin yakan dawo, don haka kullum ake yi har bazara.

Wajen saye ka tabbatar an rubuta luks 10,000, kuma tana tace hasken nan mai ƙona fata da ake kira UV. Ba ita ce fitilar da Turawa ke gasa fatarsu da ita ba, wannan illa za ta yi wa ido. Kada ka kunna ta da dare, barci za ta hana ka. Wasu tana sa musu ciwon kai ko gajiyar ido a farko, sai a rage minti. Mai ciwon ido, da mai shan maganin da ke sa jiki rashin jure haske, da wanda aka taɓa samu da lalurar nan ta hawa da saukar yanayi, wato wani lokaci ƙunci wani lokaci zumuɗin da ya wuce kima, duk su tambayi likita kafin su saya. Akwai kuma agogon farkarwa mai fitila da ke ƙara haske a hankali kamar ketowar alfijir. Yana sauƙaƙa tashi, amma ba ya maye gurbin fita waje.

Mataki na huɗu: dogon dare

A Disamba a Ingila, Azahar da La'asar da Magariba duk suna shiga cikin awa huɗu, kafin ƙarfe 6 an yi Isha. Mu da muka saba bayan Isha sai tuwo sai hira kaɗan sai kwanciya, a nan za mu tarar da awa biyar a gabanmu babu abin yi. Nan ne ake faɗawa tarko biyu: ko a yi barci ƙarfe 6 a farka tsakar dare ido ƙyam, ko a kwanta da waya a hannu har ƙarfe 2.

Ka ba wannan lokaci aiki tun kafin ya zo. Girki, karatu, haddar da aka daɗe ana ɗagawa, ajin koyon wani abu, wurin motsa jiki, ziyara. Daga Magariba zuwa wajen ƙarfe 8 ka bar fitilu a kunne tar, daga nan ka rage su. Awa guda kafin kwanciya a ajiye waya nesa da gado. Kofi da shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari a tsayar da su daga tsakar rana. In ana son abu mai zafi da dare ga citta da kanumfari, ga kunun gyaɗa. Ƙailula ba laifi, amma kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kuma a yi ta da rana tsaka.

Masu aikin dare, musamman ma'aikatan jinya da masu kula da tsofaffi, su abin ya fi yi wa tsanani, domin suna iya shafe kwanaki ba su ga rana ba. In ka taso aiki da safe ka kwanta da wuri a ɗaki mai duhu, ka sa agogo ya tashe ka wajen ƙarfe 2 na rana, ka fita ka samu sauran hasken kafin ya tafi. Ranakun hutu kuma ka fita da hantsi. Kuma ka yi wa kanka adalci wajen karɓar ƙarin aikin dare a Disamba da Janairu, ko da buƙatun gida sun yi yawa.

Mataki na biyar: motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato wanda zai sa numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Tafiyar hantsin nan in ka yi ta da sauri sau biyar a mako, ka cika adadin. Kada ka jira sai ka ji sha'awar yi, a wannan yanayi sha'awar bayan an fara take zuwa. Ka sa takalmi ka ce minti biyar kawai zan yi.

Mataki na shida: abinci da bitamin D

Kwaɗayin zaƙi da fulawa yana cikin alamomin, kuma yaƙi da shi da ƙarfin hali kaɗai ba ya nisa. Abin da ya fi aiki shi ne kada yunwa ta kama ka babu dafaffen abinci a gida. Ranar hutu ka yi miya tukunya guda, ka dafa wake, ka raba a robobi ka sa a firiza. Karin safe ya ƙunshi ƙwai ko ƙosai ko alale, ba shayi da burodi zalla ba. Dabino da gyaɗa da lemon zaƙi su maye gurbin biskit a jaka.

Batun bitamin D kuwa ya shafe mu fiye da Turawa. Fata ce ke haɗa shi idan rana ta taɓa ta, kuma a Birtaniya daga Oktoba zuwa Maris rana ba ta da ƙarfin da za ta yi wannan aiki. Baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta haɗa adadi ɗaya, gilashin taga kuma yana tare irin hasken da ake buƙata. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, ta ce kowa ya duba yiwuwar shan maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, wanda a jikin kwalba ake rubutawa 400 IU, masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu kuma su sha duk shekara. Babba kada ya wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita, domin yawansa yana cutar da ƙoda. Wasu ƙwayoyin ana yin ɓawonsu da jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, mai gudun shubuha ya nemi na halal ko na ɗigawa a baki. A abinci ana samunsa a kifi mai maiƙo irin titus da sadin da salmon, da gwaiduwar ƙwai, da hanta.

Sai dai kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Ƙarancinsa yana kawo gajiya da ciwon ƙashi da na tsoka, gyara wannan kuma riba ce, amma bincike bai tabbatar da cewa shi kaɗai yana warkar da ƙuncin hunturu ba. Haka kuma a kula da wani maganin ganye mai suna St John's wort da ake sayarwa a shaguna ba tare da takardar likita ba. Yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da maganin tsinka jini, yana kuma karo da magungunan damuwa.

Mataki na bakwai: mutane

A gida ba ka neman mutane, su ke faɗo maka: majalisar ƙofar gida, sallama daga zaure, biki da suna da gaisuwar rasuwa. A can kowa ya rufe ƙofarsa, in ba ka sa rana ba sai ka yi mako ba ka yi hira da kowa ba. Kuma wannan ciwo abin da yake fara raɗa maka shi ne ka ƙi fita. Saboda haka kada ka bar abin ga yadda ka tashi. Ku tsayar da rana guda a mako da mutum biyu ko uku, a riƙa zagayawa gida-gida ana cin tuwo. Gajeren yini ya sa azumin Litinin da Alhamis da ramuwar Ramadan sun yi sauƙi, sai ku mayar da buɗa-baki dalilin haɗuwa. Mai zuwa coci ya tsaya bayan an tashi, kada ya fice da sauri.

Kiran gida yana da daɗi, kuma a hunturu Najeriya da Nijar awa guda kawai suke gaban Birtaniya. Amma a ganina kira na murya da Hajiya ko Yaya ya fi awa uku ana kallon hotunan bikin da ba a samu zuwa ba a WhatsApp da Instagram. Na farko yana rage kewa, na biyu ƙara ta yake yi.

Wadda na fi tausayawa ita ce matar da ta biyo mijinta karatu ko aiki, tana gida da ƙananan yara, ba ta san kowa ba. Shi yana fita ya ga mutane, ita daga kicin sai falo. Malam, wannan nauyinka ne: ka karɓi yaran ko da awa guda ne da rana a ƙarshen mako ta fita, ka haɗa ta da matan abokanka. Ke kuma 'yar'uwa, ɗakin karatu na unguwa a Birtaniya kyauta ne, da ɗumi, kuma da yawansu suna da zaman iyaye da yara. Ki sa jariri a keke ki tura, kin samu haske da tafiya da mutane a fita ɗaya.

Lokacin da za a ga likita

Ka riƙa rubuta abu uku kullum a takarda ko a waya: lokacin da ka tashi, minti nawa ka yi a waje, da yadda ranka yake daga 1 zuwa 10. Wanda ke cikin ƙunci ba ya lura da sauƙi in ya fara zuwa, takarda ce za ta nuna masa. In ka yi mako biyu zuwa uku kana bin matakan nan babu canji, ko abin ya fara taɓa aikinka da karatunka da zaman gidanka, ka je wurin likita da takardar a hannu. Yana iya gwada jini, domin ƙarancin jini da matsalar ƙwayar maƙogwaro mai suna tayirod suna kawo irin wannan kasala. A Ingila kana iya neman ganin masu ba da shawara na NHS Talking Therapies da kanka ba sai likita ya tura ka ba, jami'o'i ma suna da nasu ofishin. Tsarin tattaunawa da ake kira CBT yana aiki a kan wannan ciwo, kuma binciken Kelly Rohan ta Jami'ar Vermont a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka bi shi ciwon bai cika dawo musu a hunturun gaba ba kamar waɗanda suka tsaya ga fitila kaɗai. In likita ya ga sai da magani, sha ba abin kunya ba ne, kuma ba a haɗa shi da maganin ganye ba tare da saninsa ba.

Idan kuwa tunanin cutar da kai ko gajiya da rayuwa ya fara zuwa, ba a jira mako biyu. Ka faɗa wa wani na kusa a ranar, kuma ka kira: a Birtaniya da Ireland akwai ƙungiyar Samaritans mai sauraron waɗanda ke cikin damuwa a 116 123, kyauta dare da rana, a Amurka da Kanada 988. In hatsarin na nan take ne, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada.